Abin da Wakili Ke Gani: Yadda Na Tantance Bayanan Kayan Aiki a Wani Kamfanin Taki a Kaduna

Ana saura 'yan makonni damina ta sauka, wani kamfani da ke rarraba takin zamani da iri da maganin ciyawa a nan Kaduna ya neme ni in duba masa wata manhaja da ta ƙi yin aikin da aka gina ta dominsa. Kamfanin yana da ofis a cikin gari da babban sito a Kakuri, dilolinsa kuwa suna warwatse daga Giwa da Soba har zuwa Saminaka da Kachia, kuma mafi yawansu ta WhatsApp suke tambayar farashi su ba da oda. Domin a rage wa ma'aikata nauyin amsa saƙonni a lokacin da kasuwa ke buɗewa, sai aka haɗa musu wakili na ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke karanta saƙon mutum, ta gane abin da yake so, sannan ta je da kanta ta duba rumbun bayanan kamfanin, ko ta rubuta oda, ko ta aika da takardar neman biyan kuɗi. Wakilin yana amsa gaisuwa yadda ya kamata, Hausarsa ma ba laifi, amma yakan ce wa dila akwai kaya alhali an riga an sayar da su, yakan rubuta oda ɗaya sau biyu, kuma an taɓa samun motar da ta kusa kama hanyar garin da ba shi ake nufi ba. Mai kamfanin ya riga ya ƙudurta cewa ƙwaƙwalwar wakilin ce ba ta da ƙarfi, a sauya ta da wadda ta fi tsada. Na roƙe shi ya dakata har in tantance bayanan kayan aikin da aka rubuta wa wakilin, domin a iya sanina a nan matsala ta fi ɓuya.

Ƙwaƙwalwar wakili babbar manhajar harshe ce irin wadda ke ƙarƙashin ChatGPT ko Claude ko Gemini, kuma ita a karan kanta ba ta iya taɓa komai, rubutu take karɓa, rubutu take fitarwa. Idan ana so ta yi aiki, sai mai haɗa manhaja ya tanadar mata kayan aiki, kowanne ɗan ƙaramin shiri ne da ke yin abu guda, kamar duba yawan buhunan da ke sito ko soke oda. Abin da take gani game da kowane kayan aiki abu uku ne: sunansa, da 'yan jimlolin da ke bayyana abin da yake yi, da jerin guraben da za ta cike kafin a kunna shi, waɗanda ake tsarawa da wani salo da ake kira JSON Schema. Kamfanin OpenAI ne ya yaɗa wannan tsari a watan Yunin 2023, sannan a watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar da ake kira MCP domin a samu hanya ɗaya ta haɗa wakilai da kayan aiki, kuma a watan Maris na 2025 OpenAI ma ya sanar da karɓarta. Da wannan ƙa'ida aka haɗa wakilin da nake magana a kai. Ƙa'idar ta sauƙaƙa haɗi ƙwarai, amma ba ta ƙara wa wakili ido ba: ba ya ganin abin da ke cikin shirin, bai san sito ba, bai taɓa jin yadda ma'aikata ke magana a junansu ba. Halin da yake ciki daidai yake da na baƙon da aka aika Kasuwar Sheikh Gumi da 'yar takarda a hannu, ba waya ba ɗan rakiya, abin da takardar ta faɗa shi zai bi, inda ta yi shiru kuwa sai ya cike da zato.

Matakin farko da na ɗauka shi ne na nemi a fitar mini da jerin kayan aikin daidai yadda yake isa ga wakilin, ba yadda yake a takardun kamfanin ba, na buga shi a takarda. Matashin injiniyan da ya haɗa manhajar ya so ya buɗe mini kwamfutarsa ya nuna mini yadda kowane shiri ke aiki daga ciki, na ce masa ya bari tukuna. Dalilina shi ne, da zarar mai tantancewa ya ga cikin shirin, ba zai ƙara iya karanta bayanin da idon wanda bai sani ba, domin duk giɓin da ke cikin jimla zuciyarsa za ta cike shi ba tare da ya lura ba, kuma wannan ita ce larurar da ta sami wanda ya rubuta bayanin tun farko. Injiniyan ba rago ba ne, shirye-shiryensa ma daga baya na tarar da su tsaf. Sai dai ya rubuta bayanan ne domin ya tunatar da kansa abin da ya riga ya sani.

Kayan aikin sun kusa ashirin, duka da Turanci aka bayyana su. Bayanin ɗaya daga ciki jimla ce guda da ke cewa yana dawo da adadin kaya. Akwai wani kuma a ƙasansa da ke cewa yana duba ko akwai kaya. Na daɗe ina kallon waɗannan biyun, na karanta gurabensu, na tarar iri ɗaya ne, kuma ban iya gano yaushe za a ɗauki wannan a bar wancan ba. Wani kayan aikin sunansa kawai aka maimaita a matsayin bayani. Gurbin yawan kaya an ce lamba za a sa, ba a ce lambar mece ce ba. Na yi alama a duk wurin da tambaya ta taso mini, amma ban yanke hukunci a kan ko ɗaya ba, saboda ra'ayin mai karatu guda ba hujja ba ce, kuma bayanin da ya yi wa ido daɗi yana iya kasa yin aiki.

Abin da ya biyo baya shi ne tattara ainihin saƙonnin da diloli suka aiko a daminar da ta gabata. Na nace a kan na gaske, ba waɗanda za mu zauna a ofis mu ƙirƙira ba, domin injiniya idan ya ƙirƙiri tambaya yakan rubuta ta ne da kalmomin da ke cikin bayaninsa, dila kuwa yana rubutu yana tsaye a gaban shago, rabi Hausa rabi Turanci, wani lokaci ba ko gaisuwa. Kafin saƙonnin su iso hannuna an goge sunaye da lambobin waya da lambobin asusun banki, kamar yadda ya dace da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Na raba su kashi biyu, na ajiye kashi ɗaya gefe ban ƙara buɗe shi ba, saboda gwajin ƙarshe. Kowane saƙo da ke kashi na farko yana bukatar a rubuta masa amsar da ta dace tun kafin a gwada wakili: wane kayan aiki za a ɗauka, me za a cike a kowane gurbi, ko kuwa a dakata a yi wa dila tambaya. Ni ban isa in rubuta waɗannan amsoshi ba, injiniyan ma bai isa ba, don haka na ɗauki takarduna na nufi Kakuri.

Mai kula da sito dattijo ne da ya daɗe a harkar taki. Na same shi zaune a bakin ƙofa da babban littafinsa mai baƙin bango a kan cinya, 'yan dako suna loda wata mota a bayansa, yana ƙirga buhu da ido yana sauraro na. Na karanta masa saƙon farko: "Salam. Kamfa ɗari biyu, a ajiye min zuwa jibi, zan turo yaro." Na ce, "Baba, idan wannan ya zo maka, me za ka rubuta?" Ya ce, "Injiniya, wannan ai bai sayi komai ba tukuna. Ajiya ya nema. Idan jibi ta wuce bai biya ba, kaya sun koma kasuwa. Kuma kafin in rubuta komai sai na tambaye shi wace kamfa, don muna da mai 15-15-15, muna da mai 20-10-10, kuɗinsu kuwa ba ɗaya ba ne." A cikin kayan aikin wakilin akwai na ajiya, akwai na oda, amma babu bayanin da ya ambaci cewa ajiya tana da wa'adi, ko cewa oda tana ɗora wa dila bashi a littafin kamfani daga lokacin da aka rubuta ta.

Daga nan ya tashi ya ja ni cikin sito. Buhunan yuriya suna jere a kan katako har kusa da rufi, sai ya tsaya a gaban wani layi ya nuna mini alamar jan fenti a jikin buhunan da ke gefe. Ya ce waɗannan duka an biya kuɗinsu, masu su ne ba su turo mota ba. Idan mai binciken kuɗi ya zo ƙirga, da su za a ƙirga, amma idan dila ya tambaya ko akwai yuriya, ba sa cikin lissafi. A tsaye a wurin na gane bambancin kayan aikin nan biyu da suka ɗaure mini kai a takarda. Ɗaya yana faɗin duk abin da ke ƙasa a sito, ɗaya kuma yana faɗin abin da ya rage na sayarwa bayan an cire na ajiya da wanda aka biya. Duka biyun suna aiki daidai. Wakilin ne yake ɗaukar duk wanda ya ga dama, saboda ba a taɓa gaya masa cewa lambobin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma duk lokacin da ya ɗauki na farko sai ya yi wa dila alkawarin kayan wani. Baba ya ƙara mini da cewa idan aka ce tirela ana nufin buhu 600 masu kilo 50, wato tan 30, rabin tirela kuwa 300. Maganin ciyawa kuma wani dila da kwali yake magana, wani da kwalba, kuma yawan kwalaben da ke cikin kwali ya danganta da irin maganin. Duk na rubuta. A ganina wannan zama shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma abin yana damuna yadda ake gina irin waɗannan manhajoji ba tare da an taɓa zama da mutanen da ke riƙe da littafi ba.

Kafin in kunna wakilin na yi wani gwaji da mutum. Akwai wata ɗaliba daga Kaduna Polytechnic da ke horon sanin makamar aiki a sashen kuɗi na kamfanin, tana da Turanci mai kyau, kuma ba ta taɓa ganin manhajar ba. Na ba ta takardar bayanan da wasu daga cikin saƙonnin, na ce ta zaɓi kayan aikin da ya dace da kowane saƙo ta cike gurabensa da biro, kuma duk inda ta tsaya ta faɗi tambayarta a fili, ni kuwa ba zan amsa ba, rubutawa kawai zan yi. Amfanin wannan gwaji shi ne mutum yakan tsaya ya yi tambaya a wurin da wakili zai wuce da zato ba tare da ya nuna wata alama ba, saboda haka kowace tambaya tata rami ce a cikin bayanin.

Ba ta yi nisa ba ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan gurbin na kuɗi, naira zan rubuta ko kwabo?" Tambayar ta yi daidai, domin kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da kwabo suke ƙirga adadin da manhaja ta tura musu, kuma da yawa daga masu haɗa manhaja suna bin wannan tsari a nasu shirye-shiryen. Haka aka yi a nan, amma bayanin bai faɗa ba, ma'ana idan wakili ya sa 50,000 yana nufin naira, takardar da za ta je wa dila ta naira 500 ce. Sai ta zo kan kwanan wata. A Najeriya idan aka rubuta 05/06 ana nufin 5 ga Yuni, a Amurka kuwa 6 ga Mayu, kuma bayanin bai nuna wanne shirin ke karɓa ba, balle ya ce a bi tsarin ISO 8601 da ke fara da shekara, sai wata, sai rana. Ta kuma lura da cewa dila ya ce jibi, amma babu inda aka gaya wa mai cike gurbin yau nawa ga wata. Inda ta fi daɗewa shi ne gurbin wurin kai kaya. Wani saƙo ya ce a kai Tudun Wada, ta ce akwai Tudun Wada a cikin Kaduna, akwai a Zariya, akwai kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Kano, ta yaya za ta sani? Gurbin fili ne kawai da za a rubuta duk abin da aka ga dama, alhali da an tsara shi ya nemi jiha da ƙaramar hukuma, a kuma jera ƙananan hukumomin Kaduna 23 a matsayin zaɓi, da rabin ruɗanin ya kau tun kafin a zo ga jimlolin bayani. Wannan ya sa na daina raba tantance jimloli da tantance gurabe, domin wakili tare yake karanta su.

Bayan haka ne muka kunna wakilin a kan kwafin rumbun bayanai, inda duk ɓarnar da zai yi ba za ta taɓa kuɗin kowa ba. Kowane saƙo na maimaita shi sau da yawa, saboda waɗannan manhajoji ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma bayanin da ya sa wakili ya dace yau ya kuskure gobe a kan saƙo ɗaya bayani ne mai rauni ko da ya fi yawan dacewa. Ban tsaya ga amsar da dila zai gani ba, na riƙa bin kundin da ke nuna kowane kira da wakilin ya yi da abin da ya cike da abin da aka mayar masa. A nan aikin ya fi cin lokaci, domin ba kowane kuskure ne laifin bayani ba, kuma wajibi ne mai tantancewa ya yi adalci wajen rabewa. Akwai inda bayanin ya fito fili amma ƙwaƙwalwar ta kasa gane Hausar dila, wannan ban ɗora wa bayani ba. Akwai inda shirin ya mayar da jerin kaya mai tsawon gaske har abin da ake nema ya nutse a ciki, wannan gyaran shiri yake bukata.

Maganar oda sau biyu kuwa a cikin kundin ta warware. Idan intanet ta yi nauyi shirin ya jinkirta, sai ya mayar da saƙon kuskure wanda lamba ce kawai ba bayani, wakilin kuma sai ya ɗauka aikin bai yiwu ba ya sake kira, alhali odar farko ta riga ta shiga. Babu inda aka gaya masa cewa kowane kira sabuwar oda yake buɗewa, ko cewa akwai kayan aikin da zai duba da shi kafin ya maimaita. Daga nan na sa saƙonnin kuskure cikin abin da nake tantancewa, domin su ma bayani ne da wakili ke karantawa, kuma a lokacin da ya fi bukatar jagora suke zuwa masa.

Mai kamfanin ya so in ba kowane bayani maki daga ɗaya zuwa goma. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, zan iya, amma makin zai ɓoye maka abin da kake bukatar sani." Bayanin da ya cika komai ya manta da kwabo kaɗai zai iya samun tara, kuma shi ne zai fi jawo asara. Abin da na yi a maimakon haka shi ne na rubuta wa kowane kayan aiki shafi guda: saƙonnin da suka shafe shi, inda wakili ya dace, inda ya kauce, da jimlar da rashinta ya jawo kaucewar. Na kuma gwada hanyar da ta yaɗu yanzu, ta ba wata manhajar harshe bayanan ta yi musu alƙalanci. Ta yi amfani wajen kamo abubuwan da ake iya gani daga takarda, kamar gurbin da ba a faɗi ma'auninsa ba ko sunaye biyu masu kama da juna, kuma ta yi shi cikin sauri. Sai dai na lura tana karkata ga bayani mai tsawo da santsin lafazi, kuma ba ta da hanyar sanin cewa akwai buhuna masu jan fenti a Kakuri. Hukuncin da na tsaya a kai shi ne a yi amfani da ita a matsayin tacewar farko, amma kada a bar mata kalmar ƙarshe.

Tsawo ma yana da nasa lissafin. Anthropic yana ba masu haɗa manhaja shawarar su rubuta aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, kuma na yarda da hakan, domin gajarta ce cutar da ta fi yawa. Amma duk bayanan nan ana tura su ne tare da kowane saƙo da wakili zai amsa, kuɗin amfani da ƙwaƙwalwar kuwa da dala ake biya bisa yawan rubutun da ta karanta, saboda haka jimlar da ba ta hana wani kuskure ba nauyi ce kawai ga kamfanin da ke samun kuɗinsa da naira. Duk jimlar da aka so ƙarawa sai na nemi a nuna mini saƙon dilan da take warwarewa.

Akwai ɓangaren tsaro da ban yarda a tsallake ba. A gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris na 2025 an ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya goge abu, ko maimaita kiransa ba ya ƙara komai. Ba a sa ko ɗaya ba a kayan aikin kamfanin, muka sa. Amma ƙa'idar da kanta ta bayyana cewa alamomin nuni ne kawai, ba kariya ba, don haka na nace cewa soke oda da mayar da kuɗi sai mutum ya amince, kuma a cikin shirin za a kafa wannan sharaɗi, ba a cikin jimlar da ke roƙon wakili ya yi hattara ba. Haka kuma a watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda za a iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, mai amfani kuwa bai gani ba. Saboda haka kayan aikin da kamfanin ya ɗauko daga waje, na aika saƙon tes, na karanta cikakken bayaninsa kalma bayan kalma. Ban tarar da komai ba, amma na sa a ajiye kwafinsa domin a gane idan an sauya shi daga baya.

Sai muka zauna da injiniyan muka sake rubutu, littafin da na cika a Kakuri yana buɗe a tsakaninmu. Bayanin duba kaya, wanda a da jimla ɗaya ce, ya koma yana cewa: wannan yana faɗin yawan abin da ya rage na sayarwa a yanzu, bayan an cire na ajiya da wanda aka biya ba a ɗauka ba, a yi amfani da shi duk lokacin da dila ya tambayi ko akwai kaya, da kuma kafin a rubuta ajiya ko oda, kada a yi amfani da na ƙirgan sito domin wannan tambaya, taki da buhu mai kilo 50 ake ƙirga shi, idan dila ya ce kamfa bai faɗi iri ba, a tambaye shi. Mun bar bayanan da Turanci, amma mun sa sunayen da ake kiran kaya da su a kasuwa, kamfa da yuriya da sufa, kusa da sunayensu na rumbun bayanai. Na ƙirgan sito kuwa mun cire shi gaba ɗaya daga hannun wakilin, tunda babu dilan da ke bukatarsa. Gurbin kuɗi an sauya shirin ya riƙa karɓar naira ya juya da kansa, domin ya fi aminci a gyara tarkon da a rubuta gargaɗi a kansa.

Da muka gama na ɗauko kashin saƙonnin da na ajiye tun farko, waɗanda ba mu kalla ba lokacin rubutu, na gwada tsofaffin bayanai da sababbi a kansu da ƙwaƙwalwa ɗaya, ba a sauya ta ba. Alkawarin kayan da aka sayar ya ɓace, oda sau biyu ta ɓace, kuma a kan Tudun Wada wakilin ya koma tambaya. Wata sabuwar matsala ta fito, wato ya fara yawan tambaya har a inda saƙo ya fito fili, abin da zai gundura dilan da ke sauri, sai muka sassauta jimloli biyu muka sake gwadawa har ya daidaita.

Kayan aiki guda ne na kasa amincewa da kowane bayani da aka rubuta masa, shi ne na ba da kaya bashi. Mun gwada sa iyakar kuɗi, mun gwada sa tarihin biya, amma da na koma wurin Baba da saƙonnin da suka shafi bashi, sai na ga amsarsa tana rataye ne a kan abubuwan da ba sa cikin rumbun bayanai: wane ne ya tsaya wa dilan, ko ambaliya ta taɓa yankinsu bara, ko mahaifinsa ya yi hulɗa da kamfanin. Na rubuta a rahotona cewa a cire shi, a maye gurbinsa da wanda aikinsa kawai ya miƙa buƙatar ga mutum ya kuma sanar da dila cewa za a kira shi. Mai kamfanin ya amince, ya kuma fasa sauya ƙwaƙwalwar. Na bar wa injiniyan tarin saƙonnin da amsoshinsu, da sharaɗin cewa duk ranar da aka taɓa kalma ɗaya a cikin bayani, ko aka ƙara sabon kayan aiki, ko kamfanin da ke da ƙwaƙwalwar ya fitar da sabuwa, sai an sake bin gwajin daga farko, kuma a ƙarshen kowace damina a ƙara sababbin saƙonni a kai su Kakuri Baba ya faɗi amsarsu.